Burtali a Cikin Waya

Rahama ta fara jin sunan ne daga bakin mahaifinta, a tsakar gidansu a Kudan, ranar da ya dawo daga Gazara binciken asalin Bilya, saurayin da ke neman aurenta. Tana gindin murhu tana tsince wake, ta yi kamar ba ta ji. Ya ce wa mahaifiyarta yaron ba shi da abin zargi, gyaran waya yake yi a kasuwar Makarfi, sai dai fa jikan Tukur Ci-burtali ne. Da mahaifiyar ta tambayi wane irin suna ne wannan, sai ya ce abin da mutumin ya aikata ne ya bi shi. Shekara talatin da suka wuce ya sa garma ya haɗe hanyar shanu da gonarsa, tun daga gindin tsamiya har bakin rafi. Ya ce wannan dai ba zai hana aure ba, aka shiga wata maganar.

Ita kuwa sunan ya zauna mata. Ta ɗauka za ta tarar da wani ƙaton mutum mai jajayen idanu. Da aka kai ta gidan, washegari Bilya ya raka ta gaida kakansa, sai ta ga ɗan tsamurmurin tsoho a kan tabarma a shigifa, ɓarin jikinsa na dama a shanye, an jingina masa wata babbar waya a jikin buta, yana taɓa ta da ɗan yatsan hagu. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa har ƙarshe, ya tambayi mutanen Kudan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dube ta ya ce, "Amarya, wa ya ba ki shawarar auren wannan mai kwance wa mutane wayoyi, ga ni zaune da garuruwa bakwai a cikin waya?"

Ta sunkuyar da kai tana dariya. Daga ranar take kiransa Baba Tsoho, shi kuma bai taɓa canja mata suna daga Amarya ba, har ta haihu.

Labarinsa a wurin matarsa, Inna Adama, ta same shi, guntu-guntu, suna ɓarar gyaɗa. A Gazara aka haife shi, amma mahaifiyarsa Bafulatana ce, don haka rabin ƙuruciyarsa a ruga ya yi ta wurin kawunsa. Can ya tashi tare da ɗan kawun nasa, Sa'idu, taubashinsa, ƙwarya ɗaya tabarma ɗaya. Da ya girma ya yi fataucin mazarƙwaila, da farko a kan jakuna, daga baya a mota. Ya kuma iya dara, iyawar da har daga Ikara ake zuwa a gwada shi a koma da kunya. Kowace kaka, in an girbe dawa, Sa'idu yakan biyo burtali da shanunsa, su sha ruwa a rafi, su ci kara, su kwana a gonar Tukur su bar masa taki. Ba a taɓa yin ciniki a kan wannan ba, haka suka tarar iyayensu na yi.

Sai wata shekara rake ya yi tsada. Tukur ya dubi ƙarshen burtalin, inda ƙasa ke da laima, ya noma rabinsa ya dasa rake. Maƙwabcinsa na ɗaya gefen, mahaifin Malam Yahya, da ya ga haka shi ma ya cinye sauran rabin. Da kaka Sa'idu ya zo ya tarar da hanya a toshe. Ba a yi faɗa ba, in ji Inna Adama, da ma an yi da ya fi sauƙi. Juyawa kawai ya yi da shanunsa, ya koma wajen Furana, bai ƙara takowa ba. Ko rasuwar mahaifiyar Tukur, ɗansa ya aiko.

Tun da ciwon ya kama shi Baba Tsoho yake son ya saki wurin, ko Sa'idu ya dawo su ga juna kafin ɗayansu ya riga. 'Ya'yansa suka ce ba su ƙi ba, amma in ya saki rabinsa yau, gobe Malam Yahya zai haɗa da nasa, an yi asarar ƙasa kuma hanya ba ta buɗe ba. Haka maganar ta kwanta shekara biyu.

Wasan kuwa Bilya ne ya sa masa. Bayan ciwon an riƙa ɗaukarsa zuwa gindin bishiyar da ake dara, amma hannun hagu ba ya sauri, bakinsa kuma ya yi nauyi, matasa suna ta cewa Baba yi mana. Wata rana ya ce a mai da shi gida, bai koma ba. Sai Bilya ya kawo masa wata tsohuwar waya mai faɗin fuska da wasan kafa daula a ciki. Ana ba ka ƙasa da aka yanka gida-gida kamar dara, da ɗan gungun mutane. Ka zaɓi wuri ka kafa gari, ka yi noma, ka aika wasu su kafa wani, ka yi ciniki ko yaƙi da sarakunan da injin ke juyawa. Bi da bi ake yi: kai ka gama naka ka danna, su su yi nasu. Abin da ya fi burge shi ke nan. Ya ce wa Rahama wannan ko sallar Azahar ya tashi ya dawo, yana nan yana jiransa, ba ya ce masa yi sauri.

Turanci ne bai iya ba. Da hoto da launi yake gane komai, sarakunan ma da tutocinsu yake kiransu, Ja da Shuɗi da Rawaya. In sun aiko da saƙo sai ya danna abin da zuciyarsa ta ba shi. Da ya ji Amarya ta gama sakandare, shi ke nan ta samu aiki. Kullum da hantsi, in ta gama shara da wanke-wanke, sai ta ji muryarsa: Amarya, zo Ja ya yi magana.

Wasan mataki takwas ne, kuma kafin zuwanta ya wuce biyar. A matakan ƙasa sarakunan kamar masu gyangyaɗi suke, kana iya yin abin da ka ga dama. Daga na shida abin ya canja. Kowannensu da gari biyu yake farawa da dakaru a tsaye, kai kuwa da gungu ɗaya. Kafin ka gina rumbu sun zagaye ka. Baba Tsoho ya sha kashi, kuma kowane kashi ya ɗauki wani abu a ciki. Ya daina ɓata lokaci kan manyan gine-gine na ado, ya koma tura masu kafa gari da wuri, su kama bakin kogi da wurin gishiri kafin wani ya riga su. Ya kuma gane akwai iyaka, don wata rana da ya yi zari ya kafa tara, abinci ya kasa, mutanensa suka yi masa bore, ya kwana biyu yana jin haushin kansa. Ayarinsa na farko ba waje yake tura shi ba, sabon garinsa yake kai wa hatsi har ya tsaya da ƙafarsa. Rarar gishiri da auduga kuwa, maƙwabcin da ya fi tsoro shi yake sayar wa, kuma a kan doguwar yarjejeniya, don in ya kawo yaƙi ya san abin da zai rasa. Ya ce lokacin da yake kai mazarƙwaila Kano, masu sayen kayansa sun fi 'yan'uwansa yi masa addu'ar sauka lafiya. Amma doki da ƙarfe ba ya sayar wa wanda suka haɗa iyaka, ko me zai bayar.

Duk da wannan wayon, abu ɗaya ke kayar da shi. Duk inda ya kafa daularsa, sai ya bar wani siririn fili a tsakiya, faɗin gida uku, daga tudu har bakin kogi, ba ya gini a ciki, ba ya shimfiɗa iyakarsa a kai. A matakan ƙasa ba wanda ya kula da wurin. A na shida kuwa, da Ja ya hango fili ba mai shi, sai ya turo mutanensa su dasa gari a tsakiya. Daular Baba Tsoho ta rabe biyu, ayarinsa ya rasa hanya, dakarun Ja su taru a sabon garin su ci gabas su ci yamma. Sau goma sha ɗaya Rahama ta ga an yi haka.

Wata ranar Juma'a Bilya yana gida, ya leƙa ya ga abin da ke faruwa.

"Tsoho, ka toshe wurin nan mana. Ta nan ake shigo maka kullum."

"In na toshe, ina shanu za su bi?"

"Waɗanne shanu? Shanun wasan nan hoto ne, a tsaye suke, ba sa zuwa ko'ina."

"Ba a ba su hanya ba ne," in ji tsohon, bai ko ɗago ba.

Bilya ya buɗe baki zai yi dariya, Rahama ta harare shi, ya haɗiye. A ranar ta gane abin da take kallo wata da watanni.

Ta so ta taimaka. Ta bi rubuce-rubucen wasan tana karantawa har ta samo wata yarjejeniya da ake ƙullawa, ƙasa ta zama taka amma ka ba maƙwabci izinin wucewa. Ta kawo masa da murnarta, ta ce ya mallaki filin kawai ya hana Ja gini, sannan ya bar kowa ya wuce. Ya ɗago daga wayar ya dube ta. Sannan ya ce abin da ya gaya wa Sa'idu ke nan a wancan lokacin. Ya ce masa ya bi ta gefen gonar, ya yarda, ba zai hana shi ba.

"Sai ya ce da ni, Tukur, hanyar da kakana ya bi ce yau za ka ba ni aro? Burtali ba alfarma ba ne, Amarya. Ranar da ya zama na wani, ya tashi daga burtali."

Ta koma ɗaki tana ganin ta taɓa masa ciwo. Amma washegari da hantsi ya kira ta kamar kullum.

Mafitar ta zo ne ta hanyar kuskure. Yatsansa ya zame, ya umarci mutanensa su kafa gari kusa da wani garinsa, suka ƙi, wani jan rubutu ya fito. Ya ce ya sha ganin wannan, ya ɗauka wayar ce ke da taurin kai irin na mai gyaranta. Rahama ta karanta masa: ba a kafa gari sai an bar ratar gida huɗu tsakaninsa da wani. Ya ce ta sake karantawa. Ta sake. Ya tambaya dokar shi kaɗai ta hau, ko har da Ja. Ta ce kowa da kowa.

Sai ta ga ya gyara zama. Ya sa yatsa yana ƙirga gidaje, leɓensa na motsi, irin ƙirgar da Inna Adama ta ce yana yi a gaban dara in ya hango ci. Kwana uku yana sabon farawa yana rushewa. A na huɗu ya jera garuruwa huɗu a bakin filin, biyu ta gabas biyu ta yamma, kowanne yana kallon ɗan'uwansa. Duk gidan da ka taɓa a cikin filin, bai kai ratar huɗu daga ɗayansu ba. Ba mai iya gini a wurin, har shi kansa.

Mutanen Ja suka zo kamar yadda suka saba. Suka shiga filin, suka yi gaba, suka yi baya, suka tsaya zagaye uku, suka juya. Baba Tsoho ya yi dariya har da tari, sai da Rahama ta miƙa masa ruwa. Bayan wasu zagaye kuma sai ga ayarin Ja ya biyo ta filin zai gangara kogi, don nan ce hanya mafi kusa, yana yada zango a kasuwannin Baba Tsoho. Na Rawaya ma ya biyo. Duk lokacin da yarjejeniyar gishiri ta ƙare, Ja ne ke fara aiko da saƙon a sabunta. Yaƙinsa kuwa wani wurin ya kai. Baba Tsoho bai ci wasan ba, Shuɗi ne can ƙetaren teku ya yi wa kowa nisa, shi ya zo na uku. Amma ya kai ƙarshe da garuruwansa cif, filin nan kuma ba a dasa ko bukka a cikinsa ba.

Lokacin bazara ce, ana sharar gona. Ya ce wa Bilya ya je ya ce yana gaida Malam Yahya, in ya samu sarari yana son ganinsa.

Rahama ce ta kai musu fura, ta ji yawancin maganar daga bakin ƙofa. Baba Tsoho bai yi wa'azi ba, ciniki ya yi. Ya ce shi zai saki rabinsa, Malam Yahya ya saki nasa, kowa ya dasa shingen cini-da-zugu a bakin gonarsa, a kira mai unguwa ya shaida. In shanu sun zo da kaka, karan gonar Tukur duka nasu ne, amma a gonar Malam Yahya za su kwana, taki ya zama nasa shekara biyu. Ya tuna masa yadda takin zamani ya gagari mutane bara. Malam Yahya, mutum mai raha amma ba a cin sa da baki, ya ce, "Baba, wato takin shanun da ba su zo ba kake sayar mini?" Suka ja, suka ja, aka tsaya a shekara uku, da sharaɗin in kaka ta wuce ba a ga shanu ba, kowa ya koma gonarsa.

Saura Sa'idu. Baba Tsoho ya ce ba wasiƙa ba, murya zai aika. Rahama ta riƙe masa wayar ya yi magana da Fillanci, harshen da ba ta taɓa jin sa a bakinsa ba, kuma ba mai jin sa a gidan sai shi. Sau huɗu yana sakewa saboda nauyin baki. Ba ta fahimci komai ba sai sunan Sa'idu da ya fito sau uku. Bilya ya hau babur ya tafi Furana da saƙon da ƙullin mazarƙwaila. Da ya dawo ya ce ya tarar da tsohon idanunsa sun kusa daina gani, ya saurara, ya ce a sake sa masa, ya saurara, ya karɓi mazarƙwailar, ya yi masa addu'a. Amma bai faɗi ko zai zo ba.

Damina ta sauka, shinge ya kama, ciyawa ta rufe burtalin har gwiwa. 'Ya'yan Baba Tsoho in sun wuce ta wurin sai su kau da kai. Shi kuwa ya ci gaba da wasansa, ya hau mataki na bakwai yana shan kashi, amma Rahama ta lura duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida sai ya ɗago da sauri. Aka girbe masara, aka girbe dawa, aka tara kara. Malam Yahya ya zo gaisuwa sau biyu, bai ta da maganar ba, shi ma ba a ta da masa ba.

Wata Talata da hantsi tana shanya, sai ta ji kukan shanu daga wajen tsamiya. Ta saki zanen a ƙasa ta nufi shigifa, ta tarar ya riga ya ji. Ya kife wayar, yana ƙoƙarin gyara hularsa da hannu ɗaya. Ta gyara masa.

Inuwa, babban ɗan Sa'idu, wanda shi ma gemunsa ya fara fari, shi ya shigo riƙe da hannun mahaifinsa. Dogon tsoho ne siriri da sanda. Ya yi sallama, aka amsa, ya tsaya yana juya kai yana neman inda muryar take.

"Ina ɓarawon hanyar?"

"Ga shi nan zaune," in ji Baba Tsoho. "Hannun da ya yi satar ma an karɓe."

Sa'idu ya lalubo ya zauna a tabarmar, ya kamo hannun daman nan da ba ya motsi ya riƙe a cinyarsa. Ya ce sai da ya sa aka bi da shi ta burtalin ya auna da sandarsa, an rage masa faɗin saniya biyu, amma zai karɓa haka tunda manomi bai taɓa mayar da abu cikakke ba. Baba Tsoho ya ce Bafulatani kuma bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. Daga nan suka juya harshe, Rahama ta daina ganewa. Ta ga dai Inna Adama a bakin ɗakinta tana share ido da gefen mayafi, ta je ta ɗora ruwan tuwo.

Kwana tara Sa'idu ya yi. An nuna masa wasan, ko da yake ba ya gani. Da aka ce masa taubashinsa na da garuruwa bakwai a ciki, ya tambaya shanu nawa, aka ce ba sa tafiya, ya ce to talaka ne.

Baba Tsoho ya rasu a damina ta biyu bayan wannan, da rana, bayan ya yi Azahar a zaune. Sa'idu ya zo jana'iza da kansa. Shanu sun zo kaka uku ke nan a jere, shekarun Malam Yahya sun cika, bana a gonar gidan za su kwana.

Ranar da Sa'idu zai koma a wancan zuwan na farko, matan Inuwa sun shigo cikin gida sallama. Suka gaida Inna Adama da Rahama da Fillanci, aka yi cirko-cirko ana murmushi, sai da suka juya zuwa Hausa. Baba Tsoho yana ji daga shigifa. Da la'asar, bayan baƙi sun tafi, ya kira ta. Ta zo tana tsammanin Ja ne ya yi magana, sai ta ga wayar a kife.

"Amarya, kin iya karanta mini Turancin mutanen da ba su da rai. Ina so ki koyi Fillanci, ko gaisuwa ce kawai, ni zan fara miki gobe. In sun zo da kaka ba na nan, su tarar da mai amsa musu a gidan nan."